Hilux, Land Cruiser, Prado da Abokan Gogayyarsu: Wace Ce Ta Dace da Hanyar da Babu Kwalta?

Duk wanda sana'arsa ke tilasta masa barin kwalta, ko ɗan kwangila ne mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, ko manomi mai gona a fadama, ko ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi rugage, ya san cewa akwai ranar da ƙaramar mota za ta gaza masa. Daga nan sai tambaya ta taso: jif zai saya ko akori-kura, kuma ta wane kamfani? Sunayen da suke yawo a bakin direbobi da makanikai ba su da yawa. Akwai Hilux, Land Cruiser 79, Prado da Fortuner daga Toyota, akwai Patrol ta Nissan, Pajero da L200 na Mitsubishi, D-Max ta Isuzu, Ranger ta Ford, sai kuma Defender ta Land Rover. Na auna su a kan juriya da kuɗi da jin daɗin zama, kuma matsayina tun daga farko shi ne, juriyar mota ta dogara da abu biyu a lokaci guda, wato ƙirarta da kuma nisan da ke tsakaninta da makanikin da ya san cikinta. Motar da ta fi kowace ƙarfi a takarda tana iya zama mafi rauni a Gembu ko Yusufari idan sai an yi sati uku ana jiran ƙarfe guda daga Legas.

Yawancin waɗannan motoci ƙira ɗaya ce a tushe: shasi na ƙarfe daban, bodi daban, an ɗora wannan a kan wancan. Wannan ne ya sa suke jure murɗawa a kan kwazazzabo ba tare da ƙofofi sun fara ƙin rufuwa ba. Inda suka rabu shi ne ƙafafu. Akori-kura kusan duka suna da sifirin mai falle-falle a baya, wanda aka yi domin ɗaukar kaya, jif kuwa galibi sifirinta na baya mai naɗi ne, wanda aka yi domin jikin fasinja. Wannan bambanci shi ne ya haifar da mafi yawan abin da za a faɗa game da jin daɗi, kuma zan komo kansa.

Ya kamata a fara da Land Cruiser jerin 70, domin ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Toyota ta fito da ita a 1984, kuma har yau ana ƙera ta ba tare da an taɓa asalin ƙirarta ba, ko da yake an sabunta fuskarta da injinta sau da dama. Tana zuwa a siffar akori-kura mai lamba 79, da jif mai ƙofa biyar mai lamba 76, da doguwar nan mai lamba 78 wadda ƙungiyoyin agaji ke mayarwa motar asibiti. Aksul ɗinta na gaba da na baya duka sanda guda ce mai ƙarfi, ba ta da gaɓoɓi da robobi masu yawa da za su saki a kan gargada. Amma abin da ya ba ta suna a Afirka shi ne injin dizal mai suna 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida a jere, wanda ya fito a 1990. Ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma famfon mansa na ƙarfe ne zalla wanda ba ya jiran umarnin kwamfuta. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, abin da ƙaramar mota ta zamani ke bayarwa, saboda haka wanda ya loda ta ya nufi hawan Mambila zai yi ta sauya giya yana haƙuri. Sai dai wannan rashin gaggawa shi ne sirrin tsawon ransa, domin injin ba ya aiki a ƙurewar ƙarfinsa, yana shan man da ba shi da tsabta sosai ba tare da ya mutu nan take ba, kuma makanikin da ke da sifana da basira zai iya tayar da shi a gindin bishiya. Abin da kawai ba ya yafewa shi ne a bar bel ɗin taimin ya wuce lokacinsa, ko a bar lagireto ya toshe har ya yi zafi.

Tarihin yankinmu ma ya shaida mata. A yaƙin Chadi da Libiya, musamman a 1987, sojojin Chadi sun yi amfani da akori-kura na Toyota, Hilux da Land Cruiser, suka fatattaki rundunar Libiya da ke da tankoki a garin Fada da sansanin Wadi Dum na arewacin Chadi, har duniya ta laƙaba wa wannan zango na yaƙin sunan Toyota. Har yanzu kuma direbobin ƙananan motoci da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma galibi ba sa yarda su ɗora rayukansu a kan wata mota in ba waɗannan biyun ba. A wajen da kuskure guda ke nufin ƙishirwa, zaɓin direba hujja ce da ta fi kowace talla nauyi.

Duk da haka ba zan ba kowa shawarar sayen 79 ba, kuma ina ganin mutane da dama suna sayenta don kwarjininta alhali aikinsu bai kai nata ba. Cikinta matsattse ne, kujerar baya ta mai gida biyu, wato mai wurin zama gaba da baya, a miƙe take, ƙarar inji da ta iska suna cika kunne a doguwar tafiya, kuma juyawa da ita a lungun gari aiki ne. Tun 2007 da aka faɗaɗa gabanta domin injin V8 mai lita 4.5 ya samu wuri, tayoyin baya sun fi na gaba matsuwa, ta yadda a cikin rairayi ba sa bin sawun na gaba daidai, kuma direba yana jin bayan motar yana ɗan karkata. A 2023 an ƙara mata injin lita 2.8 irin na Hilux da giya mai sauya kanta, abin da ya sauƙaƙa tuƙi ƙwarai, amma ya kawo mata irin lalurar injunan zamani da za a ambata a ƙasa.

Hilux ta fito tun 1968, kuma ƙirar da ta fi cika hanyoyinmu ita ce ta 2005 zuwa 2015 da wadda ta gaje ta a 2015. Ana ƙera ta a Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina. Ƙafafunta na gaba kowace tana motsi ita kaɗai, abin da ya sa ta fi 79 laushi da biyayya ga sitiyari a kan kwalta, ko da yake hakan na nufin akwai robobi da gaɓoɓi da za a riƙa sauyawa idan ana bin mummunar hanya kullum. Tana ɗaukar kaya kimanin tan guda, tankinta lita 80 ne. Babbar fa'idarta a wurinmu ita ce yawa. Gwamnatoci da jami'an tsaro da kamfanonin gine-gine sun saye ta da yawan da ya sa babu kasuwar kayan gyara, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna zuwa Ladipo a Legas, da za a nemi shokozoba ko kuloci ko fitilar Hilux a rasa, sabo ko na hannu. Haka kuma da wuya a shiga garin da ke da gareji a rasa wanda ya taɓa kwance ta ya mayar.

A kan Hilux tambayar da ta fi muhimmanci ita ce inji, kuma a nan nake son mai saye ya tsaya ya yi dogon tunani. Injin fetur mai lita 2.7 ba shi da kuzari sosai, ƙarfinsa kimanin doki 160 ne, kuma yana shan mai fiye da na dizal, amma ƙirarsa mai sauƙi ce, sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel, kuma ba ya yawan ba da mamaki. Injin dizal na zamani mai lita 2.8 kuwa, wanda ƙarfinsa ya kai doki 204 tun sabuntawar 2020, yana ja kamar ba a ɗora masa komai ba, kuma litarsa tana kai mutum nesa. Matsalarsa ita ce yana fesa mai ta nozul masu ƙananan ƙofofi da matsi mai tsanani, ta yadda ɗan ruwa ko ƙura ko kananzir da aka gauraya a cikin dizal sun isa su lalata nozul da famfo, kuma gyaran wannan sashe yana cikin mafi tsada a jikin motar. Motocin da aka ƙera domin Turai suna da ƙarin matatar hayaƙi a salansa wadda ke buƙatar dizal mai ƙarancin sinadarin sulfa da doguwar tafiya kafin ta tsabtace kanta, idan ba ta samu ba sai ta toshe, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi. Wanda yake da tabbacin gidan mai mai amana, yana kuma sauya matatar mai a kan kari yana zubar da ruwan da ta tara, dizal zai biya shi. Wanda zai riƙa sayen mai a jarka a bakin hanya, fetur ya fi masa kwanciyar hankali, kuma a ganina wannan ne dalilin da ya sa Hilux mai lita 2.7 ta fi yawa a Najeriya.

Aibin Hilux da ba a cika faɗa ba shi ne tsayinta da sauƙin bayanta idan babu kaya. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta gwada kauce wa abu kwatsam da ita, sai tayoyin gefe guda suka ɗaga sama har ta kusa kifewa. Wannan lalura ce ta dukan dogayen motoci, amma tana da muhimmanci a nan inda ake gudu da Hilux a cikin ayari kamar ƙaramar mota. Lodin da ya wuce kima, musamman idan nauyin ya koma bayan tayoyin baya, yana iya lanƙwasa shasi, kuma shasin da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai ko an gasa shi an buga.

Ga wanda fasinjojinsa suka fi kayansa muhimmanci, Prado ce ta fi daidaita tsakanin juriya da jin daɗi. Ƙirar 150, wadda aka yi daga 2009 zuwa 2023, tana jan tayoyi huɗu a kowane lokaci, tana da sifirin mai naɗi a baya, wasu nau'o'inta kuma suna da tanki biyu da ke ɗaukar lita 150, abin da ke da amfani a hanyar da gidajen mai suka yi nisa da juna. Mai injin V6 lita 4.0 ita ce na fi yabawa, domin injin 2.7 ya yi wa nauyin Prado kaɗan, musamman idan an cika kujeru bakwai an kunna na'urar sanyi. Lexus GX 460 da ake shigowa da ita daga Amurka Prado ce a ƙarƙashi, da injin V8 lita 4.6 da kayan alatu. Fortuner kuwa an gina ta ne a kan tushen Hilux, tana cin kayan gyara iri ɗaya da ita a wurare da yawa, ta fi Prado araha, amma ba ta kai ta laushi da shiru ba. Babbar Land Cruiser, ƙirar 200 ta 2007 zuwa 2021, ta haɗa ƙarfi da jin daɗi fiye da duk wadda aka ambata, sai dai nauyinta ya haura tan biyu da rabi, kuma abin da ya yi nauyi yana saurin nutsewa a taɓo. Ƙirar 300 da ta gaje ta ta bar V8 ta koma V6 mai turbo biyu. A 2024 Toyota ta kira akori-kurarta Tundra da jif ɗin Lexus LX 600 fiye da 100,000 a Amurka su dawo gyara saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin fetur na wannan dangi tun daga masana'anta, abin da ke nuna cewa suna mai kyau ba ya hana sabon inji nuna lalurarsa a shekarun farko.

Patrol ta Nissan, ƙirar Y61 da ta fito a 1997, ba ta gaza Land Cruiser ƙarfin aksul da giya ba, kuma mai injin dizal 4.2 ko fetur 4.8 mota ce da za a iya dogara da ita. Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce mai dizal lita 3.0 ta shekarun farko, wadda ta yi ƙaurin suna wajen ƙona fistin. Rauninta a nan ƙarancin kayan gyara ne idan an bar manyan birane. Pajero mota ce mai daɗin tuƙi a kan gargada, ta lashe gasar tseren motoci ta Dakar sau 12, kuma ta hannu tana da araha, amma Mitsubishi ta daina ƙera ta a 2021, don haka mai saye ya san cewa kayanta za su riƙa ƙaranci da tafiyar shekaru.

A cikin akori-kura, D-Max ce na fi ganin ta cancanci a ba ta dama fiye da yadda ake ba ta. Isuzu kamfani ne da ya gina sunansa a kan injunan manyan motoci, kuma injin dizal ɗinta mai lita 3.0 ya gaji wannan hali na aiki ba hayaniya. L200 ta fi Hilux sauƙin kuɗi da sauƙin juyawa, kuma tana yin aikin da aka sa ta. Ranger ita ce ta fi su duka daɗin zama da natsuwa a kan kwalta, cikinta ya fi kama da na jif, amma ta fi dogara da kwamfuta da na'urori masu auna kowane motsi, kuma injinta mai lita 2.0 yana da bel ɗin taimin da ke gudana a cikin baƙin mai, wanda ke lalacewa da wuri idan aka zuba man da ba nasa ba. A Afirka ta Kudu, inda ake ƙera ta kusa da Pretoria kuma dillalanta ke ko'ina, wannan ba abin damuwa ba ne sosai. A ƙauyen da makaniki ba shi da na'urar karanta kwamfutar mota, babban abin damuwa ne. Hukunci ɗaya ne ya hau kan sabuwar Defender da ta fito bayan an daina ƙera tsohuwar a 2016: tana hawa inda wasu ba sa hawa, zamanta ya fi na kowa daɗi, amma tana tsaye ne a kan jakunkunan iska a maimakon sifirin, ga wayoyi masu yawa, kuma ba zan tura kowa daji da ita ba sai yana da wata motar a bayansa.

Batun kuɗi ya sauya kamanni tun 2023, lokacin da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni, har dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Da yake mota da kayan gyaranta duka da dala ake shigo da su, farashin sabuwa da na ta hannu sun yi tashin gwauron zabo tare. A jeri, L200 da motocin Sin irin su JAC da Great Wall ne a ƙasa, sai D-Max da Ranger da Hilux, sai Fortuner da 79, sai Prado, sai babbar Land Cruiser a sama, wadda kuɗin sabuwarta guda zai sayi Hilux biyu. Amma kuɗin saye kashi ɗaya ne na lissafi. Lexus LX 570 ta hannu, wadda babbar Land Cruiser ce a ƙarƙashi, tana iya zuwa da farashi mai jan hankali, sai dai a cikin gari tana shan kusan lita 20 a kowane kilomita 100, alhali Hilux mai dizal ba ta cika wuce rabin haka ba. Sannan akwai ranar sayarwa. Toyota tana riƙe darajarta ta yadda wanda ya yi shekara biyar da Hilux zai samu mai saye cikin kwanaki, wanda ya sayi mota mai araha da ba a san ta ba kuwa zai iya ajiye ta wata da watanni a hannun dillali. Wannan farin jini yana da nasa sharrin: ɓarayi da 'yan bindiga ma Hilux da Land Cruiser suke nema, kuma jabun kayan gyara sun fi yawa a motar da ta fi kasuwa, saboda haka kuɗin na'urar bin sawu da na sayen kaya a wurin amintacce suna cikin lissafin.

Jin daɗi kuwa ya kamata a auna shi da wanda zai zauna a baya. Sifirin mai falle-falle sai an danne shi da kaya yake laushi, shi ya sa akori-kura da babu komai a bayanta take tsalle a kan kowane rami, kuma dattijo ko mai juna biyu da aka ɗauka tafiyar awa biyar a kujerar baya zai sauka da ciwon ƙugu. Buhu uku ko huɗu a baya suna rage wannan sosai. A jif kaya suna cikin rufi, ba ruwansu da ƙurar hunturu ko ruwan sama ko hannun mai tsince, amma ba za a ɗora mata taki ko janareta ko rago ba tare da an ɓata cikinta ba. Akwai kuma abin da masu saye ke mantawa da shi, wato taya. Manyan ƙafafu masu inci 20 da siririyar roba suna da kyan gani, amma inci 16 ko 17 da roba mai kauri sun fi laushi, sun fi jure dutse, kuma su ne ake iya rage wa iska idan an shiga rairayi domin tayar ta baje ta daina nutsewa. Haka nan Hilux da 79 da D-Max ba a yi su domin a bar su a giyar tayoyi huɗu a kan busasshiyar kwalta ba, yin haka yana ɗaure giya yana cinye taya, saɓanin Prado da babbar Land Cruiser da aka tsara su a haka.

Idan aikin mutum ya haɗa gari da ƙauye, kaya da mutane, Hilux mai gida biyu nake ba shi shawara, mai fetur idan man da zai samu ba abin yarda ba ne, kuma D-Max ce ta biyu idan akwai mai gyaranta a kusa. Mai iyali da ke zuwa gida ta hanyar da damina ke ɓatawa ya nemi Prado mai V6, ko Fortuner idan aljihu bai kai ba. Land Cruiser 79 ta wanda zai yi kwanaki a inda babu gareji ne, da lodi mai nauyi, kuma ya yarda ya sayar da jin daɗinsa domin ya dawo gida. Da yake yawancin masu saye ta hannu za su saya, a shiga ƙarƙashin motar da fitila kafin a duba fenti: a nemi alamar walda ko lanƙwasa a shasi, a nemi tsatsa a motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara inda ake zuba gishiri a hanya, a ɗaga kafet a duba ko ruwa ya taɓa shanye ta, a sa giyar tayoyi huɗu a kan ƙasa a tabbatar tana shiga tana fita, sannan a gwada lambar shasi da ta takardun kwastan harafi bayan harafi kafin kuɗi ya bar hannu.